An rufe kamfaninmu ba notis, kuma muna bin su albashi: ina mafita?

Wani ɗan'uwa da ke zaune a Agege ya aiko da tambaya. Ya ce shekararsa 7 yana aiki a wani kamfanin robobi da ke wajen Ikeja, albashinsa dubu 90, ranar wata Litinin suka je aiki suka tarar an garƙame get da kwaɗo, an manna takarda wai an rufe kamfani saboda tsadar kaya da dala. Suna bin albashin wata 2. Yanzu manaja na kiran su ɗaya bayan ɗaya a waya, wai kowa ya zo ya karɓi dubu 50 ya sa hannu a wata takarda. Su kusan 40 ne, da yawansu 'yan Arewa, wasu har sun fara haɗa kaya za su koma gida. Yana tambaya ko akwai abin da za su iya yi, ko kuwa shikenan tunda kamfanin ya mutu.

Toh Malam, da farko Allah ya musanya maku da mafi alheri, na san halin da ake ciki, ga kuɗin haya ga kuɗin makarantar yara ga waɗanda ke jiran ka a gida. Ni aikin lauya nake yi a nan Legas, kuma yawancin shari'o'in da nake riƙewa na ma'aikata ne, irin wannan maganar tun 2023 da aka cire tallafin mai aka saki naira ta yi yawa sosai. Manyan kamfanoni ma irin su GSK da P&G a shekarar suka sanar da sauya tsarin kasuwancinsu a Najeriya, balle ƙananan da ke Ogba da Isolo da Ikorodu waɗanda ba wanda zai ji labarinsu a jarida.

Kafin komai, dan Allah kar ka sa hannu a takardar nan, kuma ka kira sauran yau ɗin nan ka gaya masu. Ban ga takardar ba amma na ga irinta da yawa, ɗayan biyu ce. Ko dai an rubuta cewa ka karɓi duk haƙƙinka ba ka bin kamfani ko sisi, ko kuma an rubuta cewa kai ne da kanka ka ajiye aiki. Ta biyun ta fi muni, don wanda ya ajiye aiki da kansa ba shi da kuɗin notis ba shi da kuɗin sallama. Akwai wani dattijo mai gadi ɗan wajen Sakkwato da ya taɓa zuwa ofishina, shekara 11 yana gadin wani sito a Apapa, ya ciro takarda daga aljihun 'yar-shararsa an ninke ta gida takwas har ta fara yagewa, yana ce min ai rasit ne na kuɗin mota da suka ba shi. Da na karanta sai na ga takardar ajiye aiki ce da turanci, ga dangwalen yatsansa a ƙasa da shuɗin tawada. Da na fassara masa ya daɗe bai ce komai ba, sai hularsa da ya cire ya ɗora a gwiwa. Mun yi faɗa a kan cewa ba a karanta masa ba, don akwai dokar da ke kare wanda bai iya karatu ba, wadda ta ce wanda ya rubuta takarda a madadinsa sai ya sa sunansa ya kuma nuna an karanta masa ya fahimta kafin ya dangwala, amma wahalar da muka sha da bai dangwala ba da ba mu sha rabinta ba. In yunwa ta matsa dole sai ka karɓi dubu 50 ɗin, to ka ce a turo ta banki, in kuma sai an sa hannu ka nemi a rubuta cewa wani ɓangare ne na abin da kake bi, ka ɗauki hoton takardar da wayarka. In suka ƙi yarda da haka, ka san abin da ke ciki kenan.

Yanzu ga gaskiyar magana wadda ba kowa ke son ji ba. Ba kotun da za ta tilasta wa mai kamfani ya sake buɗe kamfaninsa, kuma a kamfani mai zaman kansa da wuya ƙwarai kotu ta ce a mayar da mutum bakin aiki. Mutum na da damar rufe kasuwancinsa in ya ga ba riba. Abin da ba shi da dama shi ne ya rufe da haƙƙin mutane a ciki. Rufe get baya goge bashi. Saboda haka maganarku ta kuɗi ce, nawa kuke bi, wa kuke bi, kuma akwai abin da ya rage da za a biya ku da shi.

Mu fara da nawa kuke bi. Albashin wata 2 da ka yi aikinsa wannan ba gardama, dubu 180 kenan. Sai notis. Dokar Ƙwadago a sashe na 11 ta tsara shi daidai da daɗewar mutum, wanda bai wuce wata 3 ba kwana 1, daga nan zuwa ƙasa da shekara 2 mako 1, daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5 mako 2, wanda ya kai shekara 5 ko fiye wata 1 cur, kuma notis ɗin da ya kai mako sai a rubuce. Kai mai shekara 7 wata guda ne naka, tunda ba su ba ka ba sai su biya kuɗinsa. Amma ka lura, a lissafin kuɗin notis doka ta ce ba a sa obataim da alawus, don haka in dubu 90 ɗin nan an rarraba shi a takardar albashi, ainihin albashin za a duba, sai dai in takardar ɗaukarka aiki ta ba ka fiye da haka, don wasu kamfanoni na rubuta wata 1 ko ma wata 3 na cikakken albashi, kuma in takarda ta fi doka alheri takardar ake bi. Sai hutun shekara da ba ka je ba, doka ta ba ka aƙalla kwana 6 na aiki da biya duk bayan wata 12. Kaga tun ba a zo maganar kuɗin sallama ba ka riga ka ninka dubu 50 ɗin nan sau huɗu ko biyar.

Kuɗin sallama kuma, nan ne mutane ke ruɗewa, kuma nan ne nake son ka natsu. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago shi ne ya yi magana a kan rage ma'aikata, wato mutum ya rasa aikinsa kwata-kwata ba don laifinsa ba sai don ma'aikata sun fi ƙarfin aikin. Abu uku ya ɗora wa mai kamfani. Ya sanar da ƙungiyar ma'aikata ko wakilinsu dalilin ragewar da kuma yawan waɗanda za ta shafa. Ya bi tsarin wanda ya zo ƙarshe shi zai fara tafiya, tare da duba ƙwarewa da riƙon amana. Sannan ya yi iya ƙoƙarinsa ya zauna a sasanta kuɗin sallama. Ka ji fa, ƙoƙarin sasantawa aka ce, dokar ba ta yanka adadi ba, ba ta ce a biya wata kaza kan kowace shekara ba. A ganina wannan babban rami ne a dokar tamu, doka ce tun ta zamanin soja a farkon shekarun 1970 kuma har yau ba a toshe wannan ramin ba, talaka ne kullum ke faɗawa ciki. Don haka duk wanda ya ce maka doka ta ce dole a ba ka albashin wata ɗaya kan kowace shekara, tambaye shi wane sashe. Adadin yana fitowa ne daga takardar ɗaukar aiki, ko ɗan littafin ƙa'idojin ma'aikata da ake rabawa, ko yarjejeniyar da yuniyan ta yi da masu kamfanoni a wannan fannin. Haka ma giratuti, a kamfani mai zaman kansa ba dole ba ne sai in an rubuta shi a wani wuri ko kuma an saba biyan waɗanda suka bar aiki kafin ku kuma za ku iya nuna hakan. Shi ya sa ɗan littafin nan da mutane ke jefawa ƙarƙashin katifa ko yara su yaga, ranar irin wannan ya fi komai daraja. Ku tambaya a cikinku ko akwai mai shi, ko da mutum ɗaya ne.

To ina maganar rashin adalci ta shigo? A naku, cikin abubuwa ukun nan na sashe na 20, an tsallake na farko da na uku gaba ɗaya, ba sanarwa ba zama, kwaɗo kawai kuka gani. Da can kotuna kan ce mai aiki na iya sallamar ma'aikaci ko da dalili ko babu muddin ya biya notis. Amma gyaran kundin tsarin mulki na uku, na 2010, ya sa sashe na 254C wanda ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon duk wata shari'ar ƙwadago ita kaɗai, har da ikon duba zaluncin da ake wa ma'aikata da kuma yadda ake yi a sauran ƙasashen duniya. Tun daga nan kotun ta sha cewa sallama sai da dalili ingantacce, kuma takan ba da diyya in ta ga an wulaƙanta mutane. Ba zan yi maka alkawarin adadi ba, alƙali ne ke dubawa, amma rufe get ba sanarwa ga albashi a maƙale abu ne da za a iya tsayawa a kai.

Akwai kuma abin da nake so ku sa wa ido sosai, shin rufewar ta gaskiya ce? Na taɓa bin wasu ma'aikata zuwa masana'antarsu da aka ce ta mutu, mai shayin bakin get ne ya gaya mana cewa dare uku a jere tireloli na shigowa bayan sha biyu. Da muka leƙa ta tagar baya ba injin ko ɗaya, sai ramukan kusoshi a siminti da shatin baƙin mai inda kowane inji ya zauna. Bayan 'yan watanni sai ga injinan can a jihar Ogun, sabon suna a allo, manaja ɗaya, kaya iri ɗaya, an ɗebi sababbin yara a rabin albashi. Wannan ba rufewa ba ce, canza riga ne don a gudu da haƙƙin tsofaffin ma'aikata, kuma in aka iya nuna wa kotu haka maganar ta canza. Saboda haka ku sa mutum biyu ko uku su riƙa zagayawa, in an ga ana fitar da kaya a ɗauki hoto da lambar mota da rana. Amma wallahi kar wanda ya taɓa ko ƙusa, kar a fasa get, kar a ce za a ɗauki janareta a madadin albashi. Ranar da kuka yi haka kun ba su abin da suke nema, maganar haƙƙi ta koma maganar sata, ku ne a ofishin 'yan sanda su suna gida.

Sai tambaya ta biyu, wa kuke bi? Duba katin shaidarka da alat ɗin albashi ka ga sunan da ke kai. In sunan ya ƙare da Ltd ko Plc, to a doka kamfanin mutum ne mai zaman kansa daban da mai shi, bashinku na kan kamfanin ne, ba za ku je ku kama gidan Oga da ke Lekki ba haka kawai, sai in an nuna ya yi zamba ko ya kwashe dukiyar kamfani don kar masu bashi su samu. In kuma sunan kasuwanci ne kawai aka yi wa rajista, irin masu lambar BN, to mai shi da kasuwancin abu ɗaya ne, bashin na wuyansa har dukiyarsa ta gida. Wannan ana dubawa a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta waya ma. Wasunku kuma za su ga sunan wani kamfanin ejan, wato mai samo wa kamfanoni ma'aikata, ne a alat ɗinsu ba na masana'antar ba, musamman masu gadi da masu lodi da direbobi, waɗanda ake ce wa kashuwal ko da sun shekara goma. Kar su karaya. Kotun Ma'aikata na duba abin da ke faruwa a zahiri, wa ke ba ka umarni, wa ke rubuta lokacin zuwanka, kayan aikin waye a hannunka, kuma akan haɗa ejan ɗin da kamfanin duka a ƙara ɗaya. Wanda ba a taɓa ba shi takardar ɗaukar aiki ba ma laifin ba nasa ba ne, sashe na 7 ya ce mai aiki ne zai ba da ita cikin wata 3 da fara aiki, kuma alat na banki wata bayan wata shaida ce mai ƙarfi. Waɗanda ake biya a hannu su ne abin tausayi, su sai a haɗa da katin shaida da yunifom da hotuna da shaidar abokan aiki.

In kamfanin da gaske ya karye, akwai bambanci tsakanin a kulle get kawai da a rushe kamfani a hukumance. Rushewa tana bin dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020, ana naɗa mutum wanda ake kira likwideta ya tattara kadarori ya sayar ya biya basussuka, in ta kotu ce kuma Babbar Kotun Tarayya ke yi. A wannan layin albashin ma'aikata da kuɗin hutunsu na cikin basussukan da ake fara biya kafin 'yan kasuwar da suka kawo wa kamfani kaya bashi. Sai dai bankin da aka jinginar wa fili ko gini takamaimai, shi yana gaba a kan wannan kadarar, kuma sau da yawa nan ne mafi tsokar dukiyar take. Likwideta ba zai bi ku Agege ko Mile 12 yana nema ba, ku ne za ku kai masa takardar abin da kowa ke bi da hujja. Kuma da zarar kotu ta ba da umarnin rushewa, ba a shigar da ƙara a kan kamfanin sai da izininta. Shi ya sa nake cewa a yi sauri. Bashin kwantiragi a Legas galibi shekara 6 doka ta ba mutum ya kai ƙara, amma wannan a takarda ne, wanda ya jira shekara ɗaya ma zai iya cin shari'a ya riƙe hukunci a hannu ba abin da zai kama. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Lauya na iya roƙon kotu tun da wuri ta hana a sayar ko a kwashe kaya, bayan hukunci kuma a bi asusun kamfanin na banki.

Kar ku manta da fansho, nan ma ana cin mutane sosai. Dokar fansho ta 2014 ta ce ana cire kashi 8 daga ma'aikaci, kamfani ya ƙara kashi 10, a tura asusunka cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. Kamfanin da ya kasa biyan albashin wata 2, ina tabbatar maka abu ne mai yiwuwa ya daɗe yana cirewa baya turawa. Je ofishin kamfanin fanshonka ka ce a buga maka bayanin asusunka tun daga farko, ka gwada da takardun albashi, watannin da babu a kai ƙorafi PenCom, hukumar da ke kula da fansho, kuma a sa su cikin abin da ake bi. Abin da zai ɗan share maka hawaye kuma, in ba ka kai shekara 50 ba kuma ka yi wata 4 ba ka samu wani aiki ba, kana da damar cire kashi 25 na abin da ke asusun. Amma za su nemi takardar sallama daga aiki, don haka ko ba kuɗi ku matsa a ba kowa takardar da ta ce kamfani ne ya sallame shi saboda rufewa.

Yadda zan so ku bi abin, ku haɗu ku 40 ɗin nan wuri ɗaya, har da Yarabawa da Ibo da ke cikinku, kar a mai da shi maganar 'yan Arewa, don kiran da manaja ke yi ɗaya-ɗaya dabara ce ta raba ku. A samu littafi a rubuta sunan kowa da ranar fara aikinsa da albashinsa da abin da yake bi, domin kotu ba ta karɓar lissafin dunƙule, kowa sai ya nuna nasa da yadda aka kai ga adadin. A zaɓi wakilai uku. A rubuta wa kamfani takardar neman haƙƙi a ba su kwana 7 ko 14, a aika adireshin da ke rajistar CAC ta hanyar da za a samu shaidar an karɓa. In kuna da yuniyan ku tashe su, kuɗin da suke cira duk wata don irin wannan ranar ne. A kai kwafi ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Legas, jami'ansu na kiran ɓangarorin biyu a zauna. Gwamnatin Legas ma na da cibiyar sasanci ta jama'a wadda ba a biyan kuɗi, da ofishin lauyoyin da ke kare marasa ƙarfi, ga kuma hukumar Legal Aid ta tarayya mai taimaka wa marasa ƙarfi da lauya. In duk an ƙi, sai Kotun Ma'aikata da ke Ikoyi, ita ma tana da sashen sasanci a cikinta. Shari'a kan ɗauki shekara ko fiye, ba zan ɓoye maka ba, don haka in suka zo da tayi mai ma'ana a teburin sasanci, a rubuce kuma da ranar biya, ni nakan ba da shawara a karɓa ko da bai cika cif ba.

Masu haɗa kaya su koma gida su ne suka fi damuna. Na san maganar da ake yi, na bar su da Allah, Legas ba garinmu ba ne, wa zai saurare mu. Masu kamfanoni sun san wannan halin namu sarai kuma da shi suke lissafi, sun san in aka ja wata biyu rabin mutane sun hau mota sun tafi Kano da Katsina da Zamfara. Neman haƙƙinka bai saɓa wa tawakkali ba, Manzon Allah (SAW) cewa ya yi a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, guminka na shekara 7 ne kuma haƙƙin iyalinka na ciki. Wanda zama ya gagare shi ba laifi ya tafi, amma kafin ya hau mota ya bar kwafin katinsa da bayanin asusunsa na banki da lambar wayar da za a same shi, ya sa hannu a takardar da ta ba wakilai izinin tsaya masa, kuma kar ya yar da layin da alat ɗin albashi ke shigowa.

Ka fara da ɗauko hoton takardar da aka manna a get tun kafin ruwa ya wanke ta ko su cire, a ga kwanan wata da sunan wanda ya sa hannu. Sannan in akwai wanda ya riga ya karɓi dubu 50 ɗin a cikinku, a nemo shi ya faɗi abin da aka rubuta a takardar da ya sa wa hannu, shi ma kar a cire sunansa daga littafin.